Motar Mista Nevil

Talata, 24 ga Nuwamba, 2009

Gari ya yi shiru, kowa ya nufi Makka. Na kai maigidana Mista Nevil ofis, na dawo da shi gidansa a unguwar Abhur. A hanya ya sake ɗauko min zancen inshorarsa. Ni na taso a Damagaram muna cewa asirans, Mastura matata tana cewa ta'amin tunda haihuwar Jidda ce, shi kuma komai nasa sai da inshora: kayan gida, kwale-kwalensa, zuciyarsa mai ciwo, har karen Madam, matarsa. Ya ce Baturen Ingila da ya daɗe a waje ba shi da uwa ba shi da uba sai ita. Na ce to ni fa? Ya daki kafaɗata, ya ce, "Kai ai ɗan'uwana ne, Adam." Shekara goma sha wani abu ina tuƙa shi, har yau ya kasa cewa Adamou.

Gobe zan je unguwar Kilo 14 in karɓo injin kwale-kwalen wurin mai gyara.

Alhamis, 26 ga Nuwamba

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Jiyan da safe na ga hadari, na ce wa Mista Nevil a bari sai bayan Sallah. Ya yi dariya, ya ce ruwan Jidda ai yayyafi ne, yalla, in kama hanya. Ya miƙo min makullin mota da hannunsa.

Ban ma kai wurin mai gyaran ba. Ruwa ya gangaro daga gabas, ja wur, da motoci a kansa kamar ƙwarya. Motar ta ɗaga da ni. Na fita ta taga. Wasu mutane a kan katanga suka ƙulla rawunansu suka jefo min, ban san su ba, ba na jin zan gane fuskarsu. Ina kan katangar na ga wata mota ta wuce da mace a ciki tana bugun gilashi. Ba zan ƙara rubuta komai a kanta ba.

Da yamma na ari waya na kira shi. Ya yi kuka. Wallahi kuka ya yi. Ya ce mota banza ce, ni dai ina da rai. Ya ce in zauna gida in huta.

Juma'a, 27 ga Nuwamba

Sallah. Layinmu a Kurayyat duk taɓo. Saleh maƙwabcina ya yanka ya aiko mana da cinya. Ban iya cin naman ba.

Litinin, 30 ga Nuwamba

Na kira Mista Nevil sau biyu, bai ɗauka ba. Wataƙila ciwonsa ne ya tashi.

Asabar, 5 ga Disamba

Na shiga motar haya har Abhur. Mai gadin ƙofar unguwarsu, wanda muka sha shayi tare ba adadi, ya ce an cire sunana daga masu shiga. Ko ido bai haɗa da ni ba. Na tsaya a rana har Fatouma mai girkinsu ta fito zubar da shara. 'Yar Maraɗi ce, ba ta iya ɓoye magana.

Ta ce, "Adamou, ba ka ji ba? Mutumin inshora ya zo. Maigida ya ce kai ba direbansa ba ne. Wai mai wankin mota ne da ke zuwa jefi-jefi, ka ɗauki makulli ba da saninsa ba."

Na ce ba ta jin Ingilishi sosai, ta yi kuskure. Ta ce ai da tafinta aka zo, da Larabci aka maimaita, tana tsaye da tiren shayi.

Na dawo gida na ce wa Mastura ban same shi ba.

Lahadi, 6 ga Disamba

Kafilina, Abu Hamad, wanda takardar zamana a ƙasar take da sunansa, ya kira yana ta faɗa. 'Yan sanda sun neme shi, an shigar da ƙara a kaina kan mota. Da haka Mastura ta ji, don wayar a buɗe take.

Laraba, 9 ga Disamba

Mista Nevil ya zo. Da kansa ya tuƙo motar Madam har Kurayyat, bayan La'asar. Ya cire takalmi ya zauna a kan darduma kamar yadda ya yi ranar sunan 'yarmu Rabi'a. Ya rame. Leɓensa ya yi shuɗi-shuɗi.

Ga abin da na riƙe daga maganarsa. Motar ta kamfaninsu ce. A takardar inshora shi da Madam kaɗai ne masu tuƙi. Tun farko ya kamata a sa sunana, amma ba zai yiwu ba, don iƙamata, takardar zamana, ta ce ni leburan Abu Hamad ne, ba direban kowa ba. Ya sani, ya yi shiru, shekara da shekaru. In kamfani ya gano ya ba mutumin da ba nasu ba mota, za su sallame shi. In suka sallame shi, inshorar lafiyarsa ta tafi tare da aikin. Kuma an sa masa ranar aikin zuciya.

Ya ce, "Shekarata sittin da ɗoriya, Adam. Babu kamfanin da zai karɓi irin zuciyata yanzu. Can gida ma ba ni da ko ɗaki, na bar ƙasar tun ina saurayi."

Na ce, "To shi ne ka ce ni ɓarawo ne?"

Ya ce bai ce ɓarawo ba. Ya ce dai na ɗauka ba da izini ba. In na sa hannu cewa hankalina ne ya tashi, na ɗauki mota don in duba iyalina, zai janye ƙara, magana ta mutu. Takarda ce kawai.

Na ce, "Kai ka miƙo min makullin."

Ya ce ya sani.

Mastura ta ɗaga labule. Ban taɓa ganin ta yi wa baƙo haka ba. Ta ce masa, "Haram alaik! Mutumin da ya goye ka a bayansa ranar da ka faɗi a matakala? Ya Abu Rabi'a, kada ka sa hannu." Rabi'a na bayanta tana jin komai. Da ta ga ya kalle ta sai ta juya masa baya, yarinyar da a da take rugawa ta tare shi.

Bai taɓa shayinsa ba. Da zai tafi ya miƙo hannu. Na ba shi, don a gidana yake.

Abin da ya fi ci min rai, da ya zo tun ranar farko ya ce Adam ga halin da nake ciki, me za mu yi? Wataƙila da na yarda. Allah ya sani wataƙila da na yarda. Amma sai da ya gama yanka ni sannan ya zo neman in riƙe masa wuƙar.

Alhamis, 10 ga Disamba

Na je wurin Abu Hamad a sitonsa da ke unguwar Mahjar, ina cewa ko zai tsaya min. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce in na buɗe baki na ce ni direban Bature ne, na amsa da kaina cewa ina aiki a wurin wanda ba kafilina ba. Shi tara, ni tarhil, a mayar da ni Nijar. Mastura ba ta taɓa taka Nijar ba. Rabi'a ko Hausar ma ji take yi, mayarwa sai da Larabci.

Ya ce, "Sa hannu, halas, magana ta ƙare. Wanda ya ɗauki mota don 'ya'yansa ranar ambaliya, kowa zai yi masa uzuri."

Gaskiyata ba ta da amfani ga kowa ke nan. Har ni.

Asabar, 12 ga Disamba

Na kai kaina ofishin 'yan sanda. Sun ajiye ni.

Talata, 15 ga Disamba

Na fito ɗazu. Na sa hannu. Jami'in ya karanta min da Larabci, ya tambaye ni haka ne? Na ce haka ne. Ya ɗan dube ni, kamar ya gane, sai ya buga hatimi.

Mista Nevil ya cika alkawari, ya janye. Bai zo da kansa ba, wani ma'aikacin ofishinsu ya turo.

Kwanakin da nake ciki Saleh ne ya riƙe gidan. Shi ya kawo gas, shi ya kai Rabi'a makaranta, matarsa Zakiya ta kwana da Mastura. Ban san da bakin da zan gode masa ba.

Mastura ta ajiye min abinci ta koma kicin. Gara ta yi faɗa.

Juma'a, 18 ga Disamba

Bayan masallaci Alhaji Idris na unguwarmu ya ce in ba shi makullin gidansa da ya bar min kafin Hajji. Wai yaransa sun dawo, ba sai na wahala ba. Duk shekara a hannuna yake zama har Muharram ta wuce. Na ciro na ba shi. Ya yi ta godiya, godiyar ta yi yawa.

Litinin, 4 ga Janairu, 2010

Fatouma ta biyo ta gidanmu. Wai kamfanin inshorar sun ƙi biyan motar. Sun ce takardar ba ta ƙunshi ambaliya ba, ko wa ke tuƙi. Na yi dariya har Mastura ta fito daga kicin a tsorace.

Ke nan ko da sunana yana ciki, ba a biya. Amma aikinsa ya tsira, shi ne abin da yake so.

Fatouma ta ce ba ya cin abinci, ya ɗauki sabon direba ta hannun kamfani amma kullum sai ya kira shi Adam. Na ce mata kada ta ƙara kawo min labarinsa.

Na gwada neman aiki a gidaje biyu a Abhur. Turawan duk sun san juna. Wata Madam ta ce min ta ji labari, ta rufe ƙofa a hankali, har da murmushi.

Asabar, 16 ga Janairu

Na fara aiki a siton Abu Hamad. Buhunan shinkafa da katan-katan na man girki, ina kai wa shaguna a ƙaramar a-kori-kura. Wannan karon sai da na tsaya aka sa sunana a takardar motar. Abu Hamad ya ce tun yaushe na zama lauya.

Bayana yana ciwo. Ba yaro ba ne ni.

Laraba, 17 ga Fabrairu

Mista Nevil ya kira daga filin jirgi. Ban san lambar ba shi ya sa na ɗauka. Ya ce zai tafi aikin zuciyar, inshora ta amince a yi masa a Landan. Ya ce ba ya son ya kwanta a gaban likita ban yafe masa ba.

Ina tsaye a bakin sito, buhu a kafaɗa. Na ce Allah ya ba da lafiya. Ya ce, "Ka yafe?" Na ce Allah ya ba da lafiya. Ina jin numfashinsa da muryar mai kiran fasinja. Na kashe.

Ko yafiyar ma so yake ya tafi da ita a aljihu, ko da wani abu zai faru.

Alhamis, 4 ga Maris

An yi aikin, ya tashi. Fatouma ce ta gaya wa Mastura. Ni ban tambaya ba.

Har yanzu matar cikin motar nan tana zuwa min a mafarki. Ita ban san ko an same ta ba.

Lahadi, 11 ga Afrilu

Yau na dawo da wuri, na ajiye a-kori-kurar a ƙofar gida. Bayan La'asar Saleh ya shigo ko sallama bai gama ba. Zakiya ce, cikinta ya tsufa, jini ya ɓalle mata. Ya ce in ba shi makulli ya kai ta asibiti, ya ga na gaji, ba sai na tashi ba.

Na ce masa sunansa ba ya cikin takardar motar.

Ya ce, "Na'am?"

Na ce in wani abu ya faru a hanya, me za mu ce? Motar ba tawa ba ce. Kuma ni ma an rubuta kaya zan ɗauka da ita, ba mutane ba. Na ce bari in kira Abu Hamad tukuna in ji. Ina neman lambar a waya, Saleh yana tsaye yana kallona. Sai ya ce, "Halas, Abu Rabi'a, bar shi." Ya fita da gudu bakin titi neman taksi.

Mastura ta yafa abayarta ta bi su. A bakin ƙofa ta juyo ta dube ni, irin duban da ta yi wa Mista Nevil a ɗakin nan watannin baya.

Sun kai a kan lokaci. An samu mace. Zakiya na nan da sauƙi, an ƙara mata jini.

Ban yi laifi ba. Doka ce, kuma ai ban hana ba, cewa na yi a jira. Duk wanda ruwa ya taɓa ci ya san abin da nake nufi.

Rabi'a ta tambaye ni ko zan je barka. Na ce gobe. Makullin motar yana nan a aljihuna, tun ɗazu nake jin sa yana sukar cinyata.