Ciwon Kan da Ka Ɓoye

Agege, Laraba, tsakiyar watan Sha'aban.

Haladu, ƙanena,

Salamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma na daɗe ina fushi da kai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ka tuna likitar da ta sa ka barci ranar da aka buɗe maka jijiyar wuya? Bayarabiyar nan marar ɗaga murya. Ni na fassara maka bayaninta. Ta ce ƙwaƙwalwarka ta daɗe tana samun jini kaɗan, idan aka buɗe hanya zai iya zuwar mata da ƙarfin da ba ta saba ba. Don haka za su riƙe hawan jininka da magani, kai kuma ka kwanta shiru, da zarar kanka ya sara ka faɗa nan take. Ka ce ka ji.

Ana fito da kai ɗakin jinya sai ga abokan sana'arka, mahautan Oko-Oba, cike da motar danfo guda, surukinka a gaba. Ka tashi zaune. Ka gaisa da kowa, har kana tambayar kasuwa. Na ga kana runtse ido, na tambaye ka, ka ce lafiya lau. Don kada suruki ya ga rauninka? Kunya ta fi ranka ne? Kafin nas ta kore su bakinka ya karkace.

Ga labarin gida. An gano irin toshewar nan a wuyana, jibi za a shiga da ni. Wani likitan barcin ya zaunar da ni ya maimaita wannan bayani, na bar shi ya gama kamar ban taɓa ji ba. Na hana kowa zuwa dubiya. A masallaci ana cewa boko ne ya sa na raina mutane, Alhaji Mudi maƙwabcina ma ya daina amsa gaisuwata. Su yi ta faɗa.

Abin da ban gaya wa kowa ba, tsoro nake ji, Haladu. Ba tsoron wuƙa ba. Tsorona in farka, wani dattijo ya leƙo, ni ma in miƙe zaune in ce lafiya lau. Ai gida ɗaya ya rene mu.

Ka kai har damina a kwance, ba magana, kafin Allah ya karɓi ranka. Bilki da aka haifa maka a lokacin ta shiga makaranta bana. Ba ta taɓa jin muryarka ba.

Allah ya jiƙanka.

Yayanka,
Isiyaku