Hambagar Ranar Alhamis

Safa, Jidda
Muharram, 1427

Zuwa ga Mairo, uwar Sharifa,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake nan lafiya. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya 'yar tawa?

Wasiƙarki ta iso ta hannun Kawu Gwadabe, kuma ta hana ni sukuni. Kin ce tun da jawazat, jami'an shige da fice, suka kama ku babu iƙamar zama a ƙasar nan aka mayar da ku Gusau, Sharifa ba ta cin abinci sai da rarrashi, duk ta rame. Kada ki dake ta, Mairo. Yarinyar da aka haifa a unguwar Ruwais, nan Jidda, ta buɗi ido da hambaga, ina ta san miyar kuka?

Ni ina nan a shagon Saleh, tun hantsi nake juya nama a kan ƙarfe. Hambaga ta zama tuwon garin nan, 'yan makaranta da direbobi, har tsofaffin da suke cewa abincin yara ne yanzu layi suke bi. Ranar Alhamis kuwa hannuna ba ya jin magana. Sai in ga na naɗe guda a takarda na ajiye gefe, kamar Sharifa tana jirana a gida yadda ta saba. Saleh ya daina tambayata ta wace ce.

Ga yadda za ki yi mata. A niƙa miki jan nama da ɗan kitse, ki goga albasa, gishiri kaɗan, ki danne da tafin hannu, ki gasa a kasko. Burodin ki gasa shi a man da naman ya fitar. Na san ki da yaji, don Allah ki ɓoye gwangwanin. Kokwamba mai tsamin nan, mukhallal, kada ki wahala nemansa, ba ta ci.

Ki gaida Inna da kowa.

Mijinki,
Muntaka

Safa, Jidda
Rabi'ul Awwal, 1427

Mairo,

Sallama da gaisuwa, da fatan jikin Sharifa da sauƙi.

A tsaye na karanta amsarki, har nama ya ƙone mini. Kin ce ta gutsira sau ɗaya ta ture, ta ce, "Mu zay hagg Baba," wato ba irin ta Baba ba ce, wai tawa tana da ɗan tsami. Kada ki ji haushi, ba hannunki ne ya gaza ba.

Na rasa wane tsami take nufi, sai da Alhamis ta zo na lura da hannuna. Ashe mukhallal nake saka mata kamar yadda nake saka wa kowa. Lokacin da kuke nan, sai na zo bakin ƙofar gida in tuna, in buɗe takardar, in tsince shi in cinye kafin ta gani. Ruwansa kuwa ya riga ya jiƙa burodin. Na zagaya bayan shago na yi kuka, ba na jin kunyar gaya miki.

Kin ce in zauna, da aikin nan muke ci. Gaskiya ne. Saleh ma ya ce wanda aka fitar, dawowarsa sai wani ikon Allah. Amma kewarku ta fi ƙarfina, shi ke nan. Ranar Asabar zan tafi ƙarƙashin gadar nan da 'yan'uwa ke zama suna jiran a kwashe su zuwa gida. Ban san tsawon zaman da za mu yi a tsare ba. A jakata akwai 'yan tufafina, da cokalin juya nama da Saleh ya ba ni, da kwalbar mukhallal guda da na naɗe cikin rawani.

Ki ce wa Sharifa ta daure da tuwon Inna kafin in iso. Ke kuma ki nemo mana mai burodi mai laushi. In na haɗa mata, ki riƙe ta a ɗaki, kada ta leƙo sai na tsince mukhallal ɗin.

Mijinki mai kewarku,
Muntaka