Zafin Daddawa, Sanyin Tabarmarka

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka, ko ta sami wanda ya san inda kake. Ba ni da adireshinka, shi ya sa na ba masu jarida su buga.

Babanka lafiya lau, sai ƙafar nan tasa. Ƙanwarka Rabi ta sauka a Jiratawa, an sami mace. Kakarka ta Tsibiri ta rasu da damina. Ni ce na yi mata wanka.

Kada ka yi mamaki, wannan rubutun hannuna ne. Na shiga karatun manya a nan unguwarmu Zariya ta Maraɗi, bayan lakkwal, makarantar yara, ta tashi. Saboda kayen nan, littafin rubutun da ka bar mini, na shiga.

Ka tuna hutunka na ƙarshe, da kuka yi yajin karatu aka rufe jami'a. Ka tarar ina daddawar batso, na dafa gurguzu, 'ya'yan yakuwa, na rufe. Kwana biyu ka zo ka tura tsinken gilashin nan mai auna zafi cikin ƙwarya. Ka ce, "Inna, wa ya hura wuta a nan?" Na ce ba kowa, haka take yi. Ka ce akwai ƙananan masu rai a ciki, suna ci, suna fitar da zafi kamar ni da kai. Ka ce shimi, kimiyyar da ake koya maku a jami'ar Yamai, ke nan, a allo ta ƙi shiga kanka, sai a ƙwaryata. Na ce to a ba ni takardar shaidar mana, tunda ni ce malamar.

Ka roƙe ni in riƙa aunawa safe da maraice, ina zana maka lambar a kaye, za ka yi aikin ƙarshen shekara da ita. Aka buɗe jami'a ka koma. Ɗalibai suka sake fitowa kan titi, sojoji suka shiga ɗakunan kwananku. Yau damina biyu ba mu ji labarinka ba.

Wani abokinka ya ce ya gan ka an sa ka a motar soja. Wani ɗan kasuwa ya rantse ya gan ka a Katsina. Babanka ya tafi Yamai sau uku, kowane biro, wato ofis, ya ce a je na gaba.

Ban fasa aunawa ba. Kaye ya kusa cika. Ran farko sanyi, ran biyu ta ɗauki ɗumi, ran uku ta fi jikin mutum zafi, daga nan ta sauko.

Amma akwai maganarka ɗaya da na so a ce ban ji ba. Ka ce mai rai ba ya yarda ya zama daidai da ɗakin da yake ciki. Ranar da zafinsa ya zo daidai da na ɗaki, to an gama. Da nake wanke kakarka na riƙe hannunta, na dafa bango, sanyinsu duk ɗaya. Na ji muryarka a bayana har na waiga.

Tun ranar nake yin abin da ban gaya wa kowa ba. In na gama da daddawa sai in shiga ɗakinka in ɗora tsinken a kan tabarmarka. Na san babu kowa. Duk da haka ina tsayawa in duba, kuma kullum lambar ɗaki yake ba ni.

Ga dalilin takardar. Baffanka Idi da babanka sun yanke shawara: Juma'ar farko bayan Sallar Layya za a tara malamai a yi maka sadaka, irin ta wanda ya rasu. Sun ce in tanadi daddawar miya. Ban iya yi masu musu ba. Gurguzu yana nan cikin buhu, ban dafa ba.

In tsoro ya hana ka dawowa, zauna inda kake. In karatun ne ya lalace kake jin kunya, wallahi ba wanda zai tambaye ka. Layi ɗaya ya isa, yanzu ba sai na nemi mai karanta mini ba.

Kai ne ɗan fari, bakina bai taɓa kiran sunanka ba. Amma masu karatu suna bukatarsa: Laminu. Laminu ɗan Zariya ta Maraɗi, dogo, mai tabo a gira.

Allah ya tsare ka inda kake, ya riƙe ɗumin jikinka. Ka ba ni amsa kafin wannan Juma'a.

Innarka,
Hadiza mai daddawa