Roduna Biyun da Na Ƙara a Motarka

Zuwa ga ƙanena Gidado, direban motar sulke, a duk dajin da aiki ya kai ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wa ga ƙaninsa, ina kuma gaida abokan aikinka da kuke mota ɗaya. Mahaifiyarmu Dada tana lafiya, ƙafar ce dai kamar yadda ka bar ta.

Ka san ni ba mutumin rubutu ba ne, walda na iya. Amma sati biyar ke nan wayarka a kashe. Na je ƙofar bariki sau biyu, sojan da ke gadi ya saurare ni da mutunci, ya ce in rubuta takarda. Na rubuta na bayar, ban san inda ta tsaya ba. Shi ya sa na kawo maganar fili inda kowa zai karanta, ko Allah zai sa wani da ya san wani ya kai maka. Akwai kuskure a jikin motarka, ni na yi shi da hannuna, kuma tsoro ya hana ni sakat.

Ka tuna shekarar da mutanen Mubi suka kwararo Yola, wasu ko takalmi babu? Muna tsaye ni da kai a bakin gada ta wajen Vinikilang muna raba musu ruwa, sai ga motocin sulke sun nufi arewa, gadar har rawa take. Ka ce, "Hamma, wanda ke cikin waccan ai ya fi kowa kwanciyar hankali a ƙasar nan." Ranar soja ya shiga ranka. Ni ma na yarda da kai, don a sanina ƙarfe mai kauri ba abin da ke huda shi. Da wannan maganar na lallashi Dada ta bar ka ka tafi.

Bana da aka kawo motocinku gyara bariki, aka ce za a kewaye su da kejin rodi, don in an harbo roka ta lalace a waje kafin ta taɓa jikin motar. Aiki ya yi wa mai waldarku yawa, sai ka ce kana da wa a Jimeta. Kwana uku na yi a can, kaina ya kumbura, wai yau ni ne nake aikin soja. Oganku ya ba ni zane a takarda ya ce in bi.

A zanen nan, gefen hagu, daidai bayan kujerar direba, an bar wani fili babu rodi, faɗinsa ya kai kamu ɗaya da rabi. To ni shekara ashirin ina yi wa mutane ƙarfen taga. Rabin gidajen unguwar Alkalawa aikina ne. In na bar ratar da kan mutum zai shiga, maigida zagi zai biyo ni da shi har shago. Idona bai iya ganin rata ya ƙyale ba. Na ce a raina mai zanen ne ya manta, kuma ga shi daidai inda ƙanena ke zama. Jikin motar duk busasshiyar laka ce, ban ga alamar komai a wurin ba. Kai ka tafi gida gaida Dada, ni kuma girman kai ya hana ni tambayar oga. Na ɗauko roduna biyu mafi kauri na gicciye wurin, na ce wannan gyara ne daga Hamma. Na shafa fenti, na ɗauki hoto ina murna.

Washegari da safe kuka tashi a gaggauce. Oga ya kama kejin ya girgiza, ya ce aiki ya yi. Kuka rataye jakunkuna da jarkoki a gefen, kuka wuce.

Ka san Saja Filibus, tsohon sojan nan ɗan Numan da ke zama a bencin shagona yana damun mu da labarin bakin daga. Ran Talatar da ta wuce ta sama ya kawo baronsa a liƙe masa ƙafa, hira ta kai mu kan makami mai linzami. Ya ce a zamaninsu roka kamar jifa take, in ta bar hannu shi ke nan, ko ta samu ko ta kuskure. Sai aka ƙero wadda ke tafiya tana warware siririyar waya a bayanta, mai harbi yana zaune yana juya ta hagu da dama har ta isa. Ya ce waccan ma da sauƙi, don in ka firgita mutumin ya kau da ido, ta ɓace. Daga nan aka yi mai bin haske. Yanzu kuma akwai wadda ke da idonta: a nuna mata mota sau ɗaya, mai harbi ya tashi ya yi tafiyarsa, ita kuma ta hau sama ta faɗo ta kan rufi, inda ƙarfen ya fi rauni.

Na tambaye shi ko mutanen daji suna da irin wannan. Ya ce shi bai ji ba, amma ba zai rantse ba, don abubuwa da yawa da ya ce ba za su samu ba sun zo sun samu. Don in kwantar wa kaina da hankali na ciro waya na nuna masa hoton aikina.

Ya buɗe hoton da yatsu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Bobbo, wa ya ce ka rufe nan? Ƙofar gudu ce. In wuta ta zo ta sama, ta nan direba ke fita."



Tun ranar ban iya riƙe abin walda ba. Get ɗin mutane na jingine a shago ban taɓa ba. In na ji ƙarar jirgi ya tashi, sai in tsaya da aiki ina ƙirga ko ɗauko masu rauni za a je. Ina tsoro, wallahi ina tsoro, irin wanda ban ji ba ko lokacin da ake cewa garin nan ma za a shigo. Wancan tsoron na abin da wasu za su yi ne. Wannan nawa ne.

Wataƙila ka riga ka gani, ka zage ni, ka yanke. In haka ne, zagin ya yi mini daɗi. In ba ka gani ba, ka sauke jakunkunan gefen hagu yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe. Rodunan sun gicciya, sun fi sauran kauri. Kada ka ɓata ƙarfinka da guduma, don kowane baki na bi shi sau biyu, ciki da waje. Ka nemi injin yanka, in babu ko zarton ƙarfe ne ku karɓi juna har su faɗi. Sannan ka shiga ka tura ƙofar da kafaɗarka ka tabbata ta buɗe. Ka gaya wa oga gaskiya, ka ce wanka ne ya yi, duk hukuncin da ya ga dama ina shago.

Dada ba ta sani ba. Duk wadda ta shigo gaishe ta sai ta ce babban ya yi wa ƙaramin garkuwa, yanzu barci take da daɗi. Jiya ta sa aka dama mini fura ta ce ladan aikina ne. Na karɓa na fita da ita zaure, na kasa sha.

Allah Ya tsare ka gaba da baya, sama da ƙasa. Ya makantar da duk makamin da aka nuna maka, mai waya da mai ido. Ya kai takardar nan kunnenka kafin wani abu ya riga ta. Tun da na fara sana'a, duk aikin da na gama roƙona ɗaya ne, Allah Ya sa ya riƙe. Yau na juya roƙon. Ya Allah, in Gidado ya tura ƙofar nan, Ka sa waldata ta ba ni kunya.

Naka,
Hamma Bobbo mai walda,
Jimeta.