Ramin da na bari a kan kabarin Yaya

Talata, 5 ga Maris

Torika ce ke rubuta mini, 'yar yayana, don ni Makelesi ban taɓa zama a aji ba. Na ce kada ta gyara mini magana.

Yau Sairusi, mai yin taswira, ya zo daga Suva, babban birnin ƙasarmu Fiji. Ya kawo saiwar yangona, gaisuwar da baƙo ke kawowa a al'adarmu, dattawa sun karɓa. Garinmu dai zai koma kan tudu, teku ya riga ya shigo har madafar coci. An yanke ba za a tone kaburbura ba. Hoto za a ɗauka, da yawa, injinsa ya ɗinka su, wai sai wurin ya fito sak, ka juya shi da yatsa.

To baƙo ba ya taka maƙabartar gidanmu. Mazanmu suna Ostireliya tsinkar lemo. Torika ciki ya tsufa, mai ciki ba ta shiga. Saura ni.

Laraba, 6 ga Maris

Kyamarar ko kwalin ashana ya kusa kai ta. Irin wadda masu nitso ke ɗaurawa a goshi. Ya ɗaure ta a bakin gora, ita ke ɗaukar hoto da kanta, ba sai na taɓa ba. Ya ba ni wasu faranti masu baƙi da fari na ajiye a kusurwa kusurwa. Ya ce in riƙe gorar tsaye, in tafi a hankali, layi bayan layi, kowane hoto ya hau kan ɗan'uwansa kamar ganyen jinka.

Mutanensu abokan wasanmu ne, shi ya sa bakinsa ba linzami. Daga gindin kwakwa yake ce mini, "Amaryata, miƙe bayan nan, ba kaguwa kike nema ba." Na ce masa ranar da na fara kamun kaguwa ubansa bai san wando ba.

Na gama. Na ɗauka na yi daidai.

Juma'a, 8 ga Maris

Rubuta, Torika. Ai kina wurin.

An rataya farin zane a zauren gari, aka haska. Ga maƙabarta ta fito, har tulun da ya fashe a kan kabarin Inna. Mutane suna ta nuna nasu. Sai can bakin ruwa, inda Yaya yake, baƙin rami. Ba kabari, ba dutse, ba komai.

Sairusi ya buɗo hotunan wurin don ya ga me ya faru. Sama. Ganyen kwakwa. Yashi a dagule. Sai ga ƙeyata, sai ga ƙafafuna. Zaure ya ɗauki dariya, matan coci har da riƙe ciki.

Abin da ya faru, da na iso wurinsa na rusuna, na kwantar da gorar, na ce tulou, gafararmu ke nan, na wuce ta gefe. Ban ma san na yi ba. Tun da na yi wayo ban taɓa tsayawa a kan Yaya ba. In yana zaune da rarrafe nake wucewa. Ban ci a kwanonsa ba, ban kira sunansa ba, in da magana sai a aika. Haka mace take da ɗan'uwanta a wurinmu. Shi ne yau zan ɗaga sanda sama da kansa?

Kowa ya yi dariya ban da ke. Na gan ki. Na kowa ya fito, na ubanki ne kaɗai babu.

Asabar, 9 ga Maris

Ban fita ba. Na ce ƙafa ce.

Lahadi, 10 ga Maris

Na je coci, na zauna baya. Vasemaca, ɗaya daga matan cocin nan, ta rusuna a gabana da laimarta a kwance, tana kwaikwayona, tana cewa tulou, tulou. Ita ma da nata yayan a can, na so in ga yadda za ta yi.

Bayan an tashi Sairusi ya same ni ina ɓare rogo. Yau ba wasa a bakinsa. Ya ce injin ba ya ƙirƙirar abin da bai gani ba, sai an sake bi ta wurin, gora a tsaye. Kuma wata sabo ne, ruwa zai cika sosai jibi, Yaya ne na farko a gabansa. Na ce a ɗaura wa wani. Ya ce wa?

Torika ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, tana shafa cikin, "Gwaggo, in ya tambaye ni ina kakansa yake, ina zan nuna masa?"

Abincin bai shiga ba.

Litinin, 11 ga Maris

Da safe akwai gajimare, Sairusi ya ce haka ake so, ba inuwa. Na hana kowa biyo mu.

Na fara daga sama, layi layi. Da na kusa wurin gwiwata ta fara lanƙwashewa da kanta. Na tsaya. Ruwa ya riga ya lashe duwatsun wajen ƙafarsa. Na rasa wanda zan aika, to ba kowa. Sai na yi masa magana da bakina. Na ce, "Peceli, ni ce. Zan bi ta kanka. Don 'yarka ne, ka yi haƙuri."

Kada ki ɗago ki dube ni. Rubuta kawai.

Na bi. A tsaye. Na dawo na sake bi, na kewaya shi yadda aka ce. Fuskata kamar an watsa mini ruwan zafi. Da na fito na miƙa wa Sairusi gorar, da hannu biyu ya karɓa.

Alhamis, 14 ga Maris

Ruwan ya zo shekaranjiya. Ya ɗauki rabin wurin Yaya, dutsen kansa ya kwanta. Ban je na gani ba, an faɗa mini.

Sairusi ya tafi, ya bar wa Torika abin a waya. Ramin ya cike. Ga dutsen a tsaye, ga furen da ta aika aka shuka, har tsagar da ke gefe. Ban taɓa sanin akwai tsaga ba, don ban taɓa kallon wurin sosai ba.

Ta koya mini juyawa da yatsa. Ana iya ganinsa daga sama. Na ce ta kawar, bai dace ba. Da ta shiga wanka na ɗauka, don in ga ko ya goge ne kawai. Na ɗan jima. Ya yi ƙanƙanta daga sama, Peceli.

A'a, kada ki goge sunan. Bar shi tunda ya fita.

Ajiye mini wayar nan kusa da tabarma. Na gaji, Torika.

Ni Torika na ƙara wannan. Gwaggo ta juya ta fuskanci bango.