Na Ɗora wa Kakata Labarin da Ba Ta Taɓa Ji Ba

Assalamu alaikum Anti mai shafi, ina gaida masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Masu saurin yanke hukunci kuma ku daure ku kai ƙarshe tukuna, duk sunan da za ku kira ni da shi na riga ku kiran kaina.

Ni 'yar Zariya ce, karatu ya kawo ni Doha. Ban daɗe da zuwa ba korona ta sauka, aka kulle gari, aka tsayar da jirage. A cikin kullen nan kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna, ta rasu. Ita ta raine ni, amma ko zaman makoki ban samu ba, ta waya na yi kukana a ɗan ɗakina na unguwar Bin Omran. Kaɗaici ya so ya zautar da ni, shi ya sa da wata malamarmu ta ce in shiga wata ƙungiyar masu karatun adabi da ke haɗuwa ta bidiyo, ban yi musu ba.

Ƙungiyar nan kaf ɗinta a kan mutum ɗaya aka kafa ta, wani Baturen marubucin labarai mai dogon gemu da ya mutu tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa. Ba zan faɗi sunansa ba kar a gano ni. Anti, ban taɓa ganin mutanen da suka rasa abin yi irin waɗannan ba. Manyan mata da maza, Turawa da Indiyawa da 'yan Labanan, wasu da jikoki, ana kwasar gawa a duniya su kuma suna gardamar ko marubucin ya fi son shayi da madara ko babu. Sun san sunan karensa. Sun san ciwon da ya dami ƙafarsa ta hagu. Amma mai gadin benen da suke ciki, na rantse ba su san daga wace ƙasa ya fito ba. Shugabarsu, zan kira ta Madam Rita, in ta ambaci sunansa har lumshe ido take yi kamar mijinta ne ya yi tafiya.

Wata rana ana tattauna littafinsa na wani attajiri da ya talauce ya ɓoye wa 'ya'yansa, sai Madam Rita ta juyo kaina da muryar nan da ake yi wa yaron goye magana. Ta ce, "Ke kuma 'yar Afirkarmu, kina iya bin labarin kuwa? Can wajenku mutane suna karanta irin waɗannan, ko sai dai tatsuniya?" Sauran suka yi murmushi suna jira. Raina ya ɓaci. Ban san lokacin da na ce ba, "Ai wannan labarin tun ina yarinya na san shi. Kakata take ba mu shi, ita ma a bakin kakanta ta ji, wani bafatake da ke kai fatu Tarabulus. Wataƙila ma daga wajenmu marubucin naku ya samo."

Ƙarya ce tsagwaronta. Inna ba ta taɓa jin labarin nan ba, ita tatsuniya ma ba ta dame ta ba, tana ganin ɓata lokaci ce. So nake kawai in ga fuskar matar nan ta canza. Ta kuwa canza, amma ba yadda na so ba. Ta dafe ƙirji, ta ce tsigar jikinta ta tashi. Mutanen da ke taƙama da digiri bisa digiri, ba wanda ya yi mini tambaya ɗaya mai ma'ana. Daga ranar na zama 'yar lelen ƙungiya. Duk haɗuwa sai an ce in ƙaro, ni kuma in karanta babi na gaba in canza sunaye, in sa attajirin ya koma mai rini a Zariya, su yi ta tafi. Ina kashe kwamfuta in yi dariya har da hawaye. Laifina ne in mutum ya zo da kunnensa a buɗe yana roƙon a yi masa ƙarya?

Da aka buɗe gari muka koma haɗuwa a gidan Madam Rita a unguwar Bin Mahmud. A nan wani ɗan Kano ya shigo ƙungiyar, zan kira shi Malam Bashir, yana digiri na uku a fannin adabi. Mutum ne mai iyali a gida, kuma korona ta rusa masa binciken da ya faro, yana ta neman inda zai kama. Na zaci shi ne zai gane ni, Bahaushe ɗan'uwana. Ina! Shi ya fi kowa rufta. Ya tare ni a bakin lif ɗin hawa bene ya ce, "Malama, kin san abin da ke hannunki kuwa? Wannan babi guda ne cur a kundina." Na ce, "Malam Bashir, hirar tsofaffi ce fa, kar ka ɗauke ta da nauyi." Ya ce ai irin wannan hirar ce ake nema. Na so in faɗa masa gaskiya a wurin, amma sai na ji har shi ma na raina shi. Mai shirin zama dakta, a ce ko shakka bai yi ba?

Bikin tunawa da haihuwar marubucin ya faɗo daidai lokacin gasar kofin duniya ta ƙwallon ƙafa da aka yi a nan ƙasar. Gari ya cika ya batse, Maroko na ta cin wasa, tituna sai oda da tutoci, su kuwa suka rufe tagogi wai hayaniya tana hana su jin karatu. Sun sa tufafin mutanen zamaninsa, mata da riguna masu faɗi kamar lema, wani ɗan Indiya da doguwar hula yana ta zufa, ga kek an zana gemun marubucin a kai. Ina tsaye ina ƙunshe dariya, sai Madam Rita ta yaye wani mayafi a bango. Hoton Inna ne, wanda na taɓa tura mata da ta matsa mini, an wanke shi babba an rataye kusa da na Baturen. Inna da lulluɓinta, da carbinta a hannu. Aka ce kowa ya yi shiru na ɗan lokaci don girmama matar da ta adana labarin. Suka sunkuyar da kai da kofunansu a hannu, Malam Bashir kuma ya ɗaga hannu yana yi mata addu'a tsakaninsa da Allah. Dariyar ta maƙale mini. Matar da ko hoton nan sai da aka lallashe ta kafin ta tsaya, ga ta na kawo ta bangon wasu tana ba da shaidar zur, tana kabarinta.

Duk da haka ban fasa ba. Na karɓi furen da suka ba ni, har jawabi na yi.

Har yanzu ban ga abin girmamawa a ƙungiyar nan ba, kuma ko gobe Madam Rita ta ji kunya ba zai hana ni barci ba. Ita ta jawo. Amma Malam Bashir me ya yi mini? Malaminsa ya amince da babin, shi kuma Malam Bashir ya gina rabin aikinsa a kai, ya faɗa wa matarsa cewa ƙarshen wahala ya zo. Yanzu ya yanki tikiti, zai je Zariya ya yi hira da 'ya'yan Inna. Lambar Babana ma a wajen wani ɗan garinmu ya samo, da ya ga ina ta yi masa hanya-hanya.

Jiya Baba ya kira ni. Mutum ne da bai iya wasa da sunan mahaifiyarsa ba. Ya ce, "Wani bawan Allah ya kira ni da ladabi, wai zai zo kan labarin da Inna take ba ku. Na ce masa ya zo, gidansa ne. Amma na tambayi gwaggwanninki duka, ba wadda ta san shi. Ashe ke kaɗai ta ba wa?" Sai ya ce, "Ki ba ni shi in ji, ko na ji kamar tana kusa."

Na ce masa layin ba kyau, zan sake kira. Ban kira ba har yanzu. In na faɗi gaskiya, aikin Malam Bashir ya rushe, sunana ya ɓaci a makaranta, Baba kuma ya san na yi wasa da uwarsa don in ƙular da wata Baturiya. In na ba shi labarin, zai riƙe shi a matsayin abin da Inna ta bari, ya ba jikokinsa. Jirgin Malam Bashir sati mai zuwa ne, Baba kuma yana jiran wayata. Jama'a, me zan yi?