Firizar Sobolon Mma

Maamobi, Accra

Ƙanena Zulkarnaini,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya zafin arewa? Tunda wayarka ta zama kurma, na ba direba wannan takarda tare da shito, soyayyen yajin nan, da garin rogo.

Ƙungiyar su Mma ta fitar da yayi, wato ankon bikin gama jami'arka, atamfa shuɗiya, da fuskarka a jiki har da hular digiri. Ni ke ɗinkin, bayana kamar ya tsage. Mma ta hana kowa sakat, kullum sai ta tambaye ni rana. Ka faɗa mana ranar, mu kama kanofi da kujeru.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Mulikatu

Yaya Mulikatu,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, Allah ya saka.

Babu rana, Yaya. Gwamnati ba ta sako kuɗin jami'a ba, malamai sun tafi yajin aiki, an yanke wutar ɗakin bincike. Kin tuna ruwan babbar gwatar unguwar Nima da na ɗiba a kwalabe kuna mini dariya? Ƙwayoyin cutar da ke ciki nake nazari, su ne aikina na ƙarshe. Firiji ya mutu, duk sun lalace. Sai na sake daga farko, kuma ba wanda ya san ranar buɗewa.

Na gaji. In kwanta, in tashi, in zaga makaranta kamar akuyar da ta tsinke igiya. Abokina Dramani ya samo mana aikin gadi a Qatar, har na ba shi fasfo. Ki tsayar da ɗinkin nan, kuma don Allah kada Mma ta ji.

Naki, Zulkarnaini

Zulkarnaini,

Sallama a taƙaice, don raina a ɓace yake.

In tsayar da me? Matan Zongo ne za su ajiye sabon yayi a akwati? Sun riga sun sa shi wurin suna a Nima ranar Lahadi. Fuskarka ta sha rawa a bayan Hajiya Sanatu.

Mma kuwa a rediyo ta ji yajin aikin, ta tsare ni, na faɗa mata komai ban da maganar Qatar. Wallahi na zaci kuka za ta yi. Sai ta ce, "Wuta ne kawai matsala? Mu muna da wuta." Ta tashi ta kwashe sobolo da burkina, wato zoɓo da furar nonon da take sayarwa, daga firizarta, ta rabar wa maƙwabta, ta wanke ta da ruwan zafi. Yanzu ga ta nan a kunne, babu komai ciki, ta hana kowa taɓawa. Masu saye suna zuwa suna komawa. Ta ce ka kawo ƙwarinka su zauna a gida har gwamnati ta farka.

Da cinikin firizar nan ta kai ka inda kake, ka sani. Ni dai ba zan ce mata ka zaɓi gadi ba. Ka zo ka faɗa da bakinka.

Mulikatu

Yaya,

Salam. Na karanta, na kasa cin abinci.

Firizar sobolo ba ta yin irin wannan aikin, sanyinta bai kai ba. Kada ki gaya mata. Na karɓo fasfona daga hannun Dramani, na fasa tafiyar. Ina tafe ranar Juma'a da sababbin kwalabe in sake ɗibar ruwan, ki nemo mini aron dogon takalmin shiga gwata.

Ki gaida Mma.
Zulkarnaini